Nafisa, Ga Yadda Muka Koyi Zama Da Ke

Jekadafari, Gombe.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga 'yata Nafisa. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa lokacin da za ki buɗe wannan takarda kin sauka Jos lafiya, an ba ki ɗaki, kin yi sallah, kin sa wani abu a cikinki. Na ce wa Addarki, babbar 'yata, ta cusa ta cikin jakar takardunki, kada ta ba ki a hannu. Na san halinki, da tun a tsakar gida za ki buɗe, kina karantawa kina kallon fuskata, ni kuwa ba zan iya tsayawa ba.

Kin san yadda hannuna yake da magana. Shekara goma sha huɗu ina koyo, amma har yau idan zance ya yi tsawo sai yatsuna su harɗe, ki yi ta dariya kina gyara mini. Abin da nake so in faɗa miki yana da tsawo, shi ya sa na ɗauki biro. Ba labarin gida zan ba ki ba, yanzu kika baro shi. Kurakuraina zan jera miki, waɗanda na yi a makonnin farko da zuwanki, kina 'yar shekara shida. Wasu kin tuna, wasu kin manta, akwai kuma wanda ban taɓa gaya miki ba. Yau ga shi kin sake zama baƙuwa a cikin mutanen da ba su taɓa zama da kurma ba. Za su yi miki irin shirmen da na yi. Gara ki san shi daga bakin wadda ta fara.

Kin sha jin yadda muka haɗu, amma bari in rubuta shi sau ɗaya ya zauna a takarda. An ba ni ɗinkin kayan Sallah na yaran gidan marayu, na je awo. Yara suka yi layi suna ta surutu, ke kina gefe kina kallon hannuna. Da na gama auna ki, sai kika zare tef ɗin daga wuyana, kika sa na miƙa hannu, kika auna ni: kafaɗa, hannu, ƙugu, har da ɗan taɓe bakin da nake yi idan na duba lamba. Matar da ke kula da ku ta ce, "Ba ta ji fa. Sanƙarau ne ya kama ta tana shekara uku, bayan rasuwar iyayenta." Na dawo gida na kasa ɗinki. Da na gaya wa Abbanku, sai ya ce, "So kike yi ko tausayi? In tausayi ne, ba zai kai wata guda ba." Na ce so ne. Muka yi watanni muna zarya tsakanin ofis da kotu, aka zo aka duba gidan har madafi, sannan aka ba mu riƙonki.

Kuskurena na farko tun ranar da kika shigo na yi shi. Murna ta sa na tara mutane. Na yi shinkafa da miya, na haɗa zoɓo, na gayyato matan unguwa da abokan ɗinkina. Aka shigo da ke kina rungume da 'yar jakarki, mata suka yi miki caa, wannan ta ja kumatu, waccan ta ɗaga ki sama, kowa baki yana motsi. Ni ina jin "sannu da zuwa" da "masha Allah", ke kuwa haƙora kawai kike gani da hannuwan da ba ki sani ba. Kika zame, kika shige ƙarƙashin keken ɗinkina, kika ƙanƙame ƙafarsa. Babu irin lallashin da ban yi ba. Mutane suka ci abinci suka watse, wata tana cewa, "Allah ya ba ki haƙuri, kin ɗauko aiki." Kunya ta ishe ni.

Da gida ya yi shiru bayan azahar, na rasa yadda zan yi, sai kawai na zauna na fara taka keken a hankali, kina ƙasa. Can na dakata in gyara zare, sai na ji ɗan hannu yana bubbuga mini ƙafa. Na leƙa. Kin manna tafin hannunki a jikin ƙarfen, kina nuna mini in ci gaba. Na taka, kika ware ido. Na tsaya, kika bubbuga. Na taka da sauri, sai kika fashe da dariya, wata irin dariya mai ƙarfi wadda ba ki san ƙarfinta ba, har Addarki ta fito da gudu daga ɗaki. Ranar nan ƙyallayen banza na yi ta ɗinkawa har la'asar.

To, Nafisa, kada ki yi wa kanki abin da na yi miki. Sabon wuri ba a shanye shi rana ɗaya. Ba sai kowa ya san ki a makon farko ba. Ki nemi mutum ɗaya ko biyu masu natsuwa, ki fara da su. Idan taro ya yi miki yawa, ki janye ki huta, babu laifi a ciki.

Na biyu shi ne ihu. An gaya mini ba kya ji, na kuma ce na gane, amma can cikin zuciyata gani nake idan na ɗaga murya sosai wani abu zai shiga. Haka na wuni ina "Nafisa! Zo ki ci abinci!" har maƙwabta suka ɗauka faɗa ake yi a gidan. Idan ba ki juyo ba, sai in zo ta baya in kama kafaɗarki. Rana ta huɗu na yi haka kina wasa da murfin kwalba, kika zabura, kika gantsara mini cizo a hannu. Tabon yana nan, kin san shi. Ina wanke wurin ina faɗa, sai Addarki, tana 'yar shekara goma lokacin, ta ce, "Inna, in kina ihu fuskarki irin ta mai duka take komawa. Ita kuma fuskar kawai take gani." Na je gaban madubi na kira sunanki da ƙarfi, na kalli kaina. Wallahi ni ma na tsorata.

Za ki gamu da irina da yawa a can, har cikin malamai. Wani zai yi miki ihu, wani zai yi magana yana kallon allo, wani zai tambayi ƙawarki abin da ya kamata ya tambaye ki. Yawancinsu ba mugunta ba ce, rashin sani ne. Kada ki cije su. Ki rubuta musu a takarda ko a waya: ku fuskance ni, ku yi a hankali, in ban gane ba ku rubuta. Wanda ya gyara, ki riƙe shi. Wanda kika gaya wa sau uku bai gyara ba, ki bar shi da halinsa, kada ki ɓata ranarki.

Tunda na ambaci Addarki, ita ma na yi mata laifi a kwanakin. Hankalina duk ya koma kanki, har kitsonta ya tsufa ya yi buzu-buzu ban lura ba, sai da malamar Islamiyya ta aiko. Wata safiya na kira ta sau uku ba ta amsa ba, ga ta zaune a gabana. Na duba, ashe auduga ta cusa a kunnuwanta biyu. Na zare, na ce, "Meye haka?" Ta ce, "Na ga sai wanda ba ya ji ake kallo a gidan nan." Na zaunar da ita tsakanin ƙafafuna na tsefe mata kai, ina tsifa ina ba ta haƙuri. Kika zo kika tsaya kina kallo, sannan kika ɗauko kibiya kika zauna kina taya ni. Daga ranar kuka ƙulle. Ita ta fara gane cewa ba kya son sukari a koko, ita ta gane cewa idan aka buga tabarma da ƙafa kina juyowa.

Waɗanda za su taimake ki a makaranta, mai ara miki littafi, mai taɓa ki idan an kira suna, su ma suna da nasu nauyin. Ki riƙa duba fuskarsu, ke da kika fi kowa iya karanta fuska. Ki tambaye su gida, ki yi musu kitso, ki dafa ki ba su. Kada ki yarda ki zama wadda kullum ake yi wa.

Sai maganar magani, wadda har yau nake jin nauyinta. Wata maƙwabciya ta kawo mini wani mai a 'yar kwalba, ta ce wani mutum ne ke haɗawa, an ɗiga wa wani yaro a garinsu kunnensa ya buɗe. Ban gaya wa Abbanku ba. Na danne ki na ɗiga, kina kuka. Kwana biyu kunnen ya kumbura, muka tafi asibiti. Likitar ta wanke, ta rubuta magani, sannan ta cire tabarau ta kalle ni ta ce, "Hajiya, kunnen nan ba toshewa ya yi ba, jijiyar ce ta tafi. Yarinyarki lafiyarta ƙalau. Ki daina neman yadda za ta ji ki, ki nemi yadda za ki gane ta." Na fito ina jin haushinta, don ta faɗi gaskiya. Duk wanda ya zo miki da kwalba ko ƙulli ya ce zai buɗe miki kunne, ki yi masa godiya ki wuce. Addu'a kam kada ki bari, ciwo kuma asibiti. Amma ke ba abin gyara ba ce.

Yanzu ga wanda ban taɓa gaya miki ba. Ki zauna kafin ki karanta.

Mako uku kika yi a gidan nan ba ki yarda an cire miki takalmi ba sai wajen wanka, kina fitowa kuma ki mayar. 'Yar jakarki ba ki bari an buɗe ba. Sannan akwai wata alama da kike yi mini kullum, ki nuna kanki, ki nuna ƙofa, ki buɗe tafin hannu kina kallona. Na ɗauka yawo kike so, sai in girgiza kai. Ranar wata Alhamis da hantsi ina yanka yadi, na ji ƙarar birki da salati a waje. Na duba, ba kya tsakar gida. Na fita ko mayafi babu. Ga ki tsaye a tsakiyar titi gaban wata farar bas, kina kaɗa hannu biyu, direban ya fito yana salati, ɗan acaɓa ya faɗi a gefe da babur ɗinsa. Tsakaninki da motar bai kai taku biyu ba.

Na ɗauke ki na shigo gida, na dake ki. Shi ne na farko, shi ne na ƙarshe, amma na yi. Da Abbanku ya dawo na ce, "Ba zan iya ba. A hannuna za ta mutu. Can aƙalla akwai katanga da mai gadi. Mu mayar da ita." Bai yi mini gardama ba. Ya ce, "In kin kwana da wannan maganar, gobe sai mu tafi." Washegari na ɗaure sauran kayanki a zani na sa a bayan mota ba ki gani ba. Muka ɗauki hanya. Maimakon ya miƙe, sai ya karya ya shiga Tudun Wada. Ya ce, "Ba mu karya ba. Mu tsaya mu ci masa tukuna."

Kin gane inda ya kai mu. Rumfar Goggo Asabe mai masa, kurma irinki. Ashe shekara da shekaru a wajenta yake sayen masa idan zai tafi ofis, da yatsa yake nuna mata adadin da yake so, bai taɓa kawo wa ransa cewa wata rana zai buƙaci fiye da masa a wajenta ba. Na ga mace kakkaura tana juya tanda, tana ba 'yan layi umarni da hannu ɗaya, ga mijinta, mai ji, zaune a benci yana zuba miya. Abbanku ya yi masa bayani. Goggo ta goge hannu, ta durƙusa daidai tsayinki, ta motsa yatsu. Nafisa, ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Kika saki jakar ta faɗi. Hannuwanki suka fara gudu kamar an kunce su. Ashe wata babbar yarinya kurma a gidan marayu ta koya miki maganar hannu, kina da magana cike da ciki, mako uku babu wanda za ki gaya wa.

Mijin Goggo yana kallo yana fassara mana. Ya ce, "Tana tambaya, yaushe za a mayar da ita. Ta ce kullum tana tambayar matar nan, ba ta ba ta amsa." Ashe a can, masu hali kan ɗauki yara su yi musu hutu na 'yan kwanaki su mayar. Sau biyu ana ɗaukarki ana mayarwa. Shi ya sa ba ki cire takalmi ba, kina zaune cikin shiri.

Na ce, "Tambaye ta me ya kai ta titi jiya."

Goggo ta tambaye ki. Kika yi bayani mai tsawo, har da kumbura kumatu kina kwaikwayon direba. Mutumin ya juyo ya ce, "Ta ce ta hango farar mota irin ta gidan marayu, ta ɗauka ita aka zo ɗauka. Shi ne ta je ta gaya wa direban ya koma, ita ba za ta bi shi ba. Ta ce a nan akwai keke mai rawa, akwai yarinyar da suke kwana tare."

Ga ni tsaye, ga ƙullin kayanki a bayan mota. Na zauna a bencin masu cin masa ina kuka a gaban mutane. Na ce, "Ku gaya mata ba inda za ta." Goggo ta girgiza kai, ta nuna ni da yatsa. Mijinta ya ce, "Ta ce ba ita ce uwarta ba. Ke za ki faɗa." Ta kama hannuwana ta tsara mini: ke, gida, namu, kullum. Na yi na farko ya karkace. Na yi na biyu, kika ɗaure fuska kina ƙoƙarin ganewa. A na uku kika kalle ni, kika kalli Abbanku, shi ma ya kwaikwaya yadda ya iya. Sai kika hau benci, kika cire takalmanki ɗaya bayan ɗaya, kika ajiye a ƙasa, kika jawo kwanon masa. Guda huɗu kika ci. Da muka dawo gida, Abbanku ya ɗauko ƙullin ya ɓoye cikin babbar rigarsa ya shigar ɗaki. Har yau bai taɓa tayar da maganar ba.

Ki yafe mini, 'yata. Abin da nake so ki ɗauka a nan shi ne, ranar da tsoro ya kama ki, kada ki yanke hukunci a ranar. Za a yi ranar da darasi zai gagare ki, ko wani ya wulaƙanta ki, ki ji babu abin da kike so sai tasha. Ki ci abinci tukuna, ki kwana, ki nemi wanda ya riga ki shiga irin halin. Kuma kina sauka ki nemi 'yan'uwanki kurame na garin. Duk son da muke miki, akwai hutun da ba kya samu sai a cikinsu, na gani da idona a rumfar nan.

Daga wannan rana gidanmu ya koma makaranta. Duk Asabar da safe mu huɗu muna rumfar Goggo, muna koyon kalma biyar-biyar, ke ce mai duba mu idan mun dawo. Kika raɗa wa kowa suna: ni tef a wuya, Abbanku gyara tabarau, Addarki yatsa a kunne saboda audugar nan, har yau tana jin haushin sunan. Abbanku ya fi kowa ƙwazo, ya kuma fi kowa kwaɓa. Kullum da safe sai ya tsaya a gabanki da jakarsa ya ce miki zai tafi ofis, ke kuma ki ruga ki kawo masa buta. Ya yi ta yabonki, wai yarinya ƙarama tana tuna masa alwala. Sai da Goggo ta ga alamar da yake yi, ta yi dariya har ta kusa kifar da ƙullu. Ashe mako biyu yana sanar da ke cewa zai shiga banɗaki.

Sallah kuwa ba mu sha wahala ba. Kika tsaya gefena da ɗan hijabin da na ɗinka miki, kina satar kallona ta gefen ido, in na yi ruku'u ki yi. Matan unguwar da suka ce na ɗauko aiki, su ne suka dawo suna tambayata yadda ake cewa "ina kwana" da hannu, don kin fi 'ya'yansu gaisuwa.

Sai Dada, mahaifiyar Abbanku, Allah ya ji ƙanta. Ita da bakinta ta sha ba ki labarin nan, don haka ba asiri na tona ba. Tun farko ba ta so ba. Ta ce, "In riƙo za ku yi, ba za ku ɗauko wadda za a aika ta ji ba?" Sai a mako na biyar ta taso daga Arawa ta zo ganinki. Ta zauna a tabarma ta ɗaure fuska tana jan carbi. Ana hira, kina zaune kin zuba mata ido. Can kika tashi, kika je gabanta, kika taɓa kunnenta, kika taɓa naki, kika haɗa yatsu biyu, wato ni da ke ɗaya muke. Na ce yau mun shiga uku. Dada ta ajiye carbi. Sai ta tuntsire da dariya har da hawaye, ta ce, "Ja'ira! Shekara biyu ina ɓoye wa 'ya'yana, kunnen hagu ya tafi, na dama ma saura kaɗan. Bakin mutane nake kallo. Ita kaɗai ta kama ni." Kwana ɗaya ta zo yi, ta yi goma. Ita ta koya miki dama fura, ke kika koya mata zagin Abbanku da hannu ba tare da ya gane ba. Mutumin da ya ƙi ki da farko, kada ki rufe masa ƙofa da wuri. Wani abin da yake gani a jikinki ne yake tsoro a nasa.

Akwai kuskuren da ban gama warkewa daga shi ba. Bayan abin titi, na sa sakata a ƙofar gida can sama inda hannunki ba ya kaiwa, ko shagon kusa ba na bari ki je. Goggo ce ta yi mini faɗa, ta ce ita wa yake tsallakar da ita titi? Ta sa na riƙa fita da ke bakin hanya bayan la'asar, muna tsayawa, ki duba dama, ki duba hagu, ki sake dubawa, sai kin ja hannuna sannan mu tsallaka. Kafin wata biyu ke kike riƙe ni idan na yi gaggawa. Amma sakatar nan ba ta fita daga zuciyata ba. Da sunanki ya fito a jami'a kina tsalle a tsakar gida, ni ma na yi tsalle, sannan na zagaya wajen Abbanku na ce ya hana, ki nemi wata makaranta a nan Gombe. Ya ce, "Yarinyar da take so ta koyar da yara kurame, mu ne za mu fara gaya mata ba za ta iya ba?" Na haƙura. Idan na riƙa damunki da saƙo, kin ci abinci, kina ina, da wa kike, ki amsa mini da haƙuri, amma kada tsorona ya hana ki zuwa inda alheri yake.

Sauran kin san su. Jos akwai sanyi, ki sa rigar sanyin ko ba ta yi miki kyau ba. Ki zauna a gaba a aji. Ki sa wayarki ta riƙa girgiza lokacin sallah. Namijin da zai zo miki da tausayi, ki gode masa ki sallame shi. Wanda kuma yake ganin kurma ba ta iya kai ƙara, ki nuna masa kina da biro, kina da uba. Wanda ya zauna ya koyi maganar hannu saboda ke, har ya jure dariyarki, wannan ki turo mana sunansa mu bincika.

Saura abu ɗaya. Ki ɗauko shuɗiyar rigar da na ɗinka miki ta ƙarshe, ki juya cikinta, ki laluba wajen ƙugu ta dama. Akwai ɗan aljihu da na ɗinke bakinsa. Ki farke a hankali. Zoben azurfa ne, na mahaifiyarki. Ranar da aka ba mu ke aka ba ni shi a ƙulle, aka ce a hannunta aka cire. Na ce zan ba ki idan kin yi wayo. Kika yi wayo, na ce sai kin gama sakandare. Kika gama, na ce sai ranar aure. Gaskiyar ita ce kishi nake da baiwar Allah da ke kabari, ina tsoron ki sa zobenta ki tuna ba ni na haife ki ba. Na tuba. Ita ta ɗauki cikinki, ta shayar da ke, a bakinta kika ji sunanki lokacin da kunnenki yake ji, abin da ni ban samu ba. Sunanta Aishatu. Ki sa shi a hannun da kike magana da shi. In kin idar da sallah ki fara yi musu addu'a ita da mahaifinki, sannan mu. Ban ragu da komai ba don na zo ta biyu.

Abbanku yana gaishe ki, ya ce ki riƙe karatu. Addarki da mijinta suna gaishe ki. Goggo Asabe ta ce in kin dawo hutu ki fara sauka a rumfarta kafin gida, na ce ba ta isa ba.

Allah ya tsare gabanki da bayanki, damanki da hagunki. Allah ya haɗa ki da mutanen kirki, ya kau da mugu daga hanyarki, ya buɗe miki karatu, ya sa ki amfani yaran da za ki koyar. Allah ya dawo mana da ke lafiya, ya yi miki albarka duniya da lahira. Na yafe miki duk abin da kika sani da wanda ba ki sani ba. Ke ma ki yafe mini.

Wassalamu alaikum.

Ni ce,
Innarki.